Bitar da Ta Faɗo kan Malam Gwadabe

Shekara ashirin da uku Malam Gwadabe ya yi yana shaƙar garin alli a wata firamare da ke cikin Gwale, amma ko sau ɗaya bai taɓa zuwa bita ba. Ba wai ba a yin bitar ba ne. Ana yi, har ma ta fi gyaran rufin ajujuwa yawa. Sai dai a zamanin soja, in takardar gayyata ta zo a aljihun hedimasta take kwana. Washegari sai ka neme shi ka rasa, shi da wani ɗan gaban goshinsa, bayan kwana uku su dawo da sabuwar jaka mai rubutu a jiki da kumatu masu sheƙi. Abin da aka koya musu kuwa ya zama sirri tsakaninsu da Ubangijinsu.

Da soja suka koma bariki a casa'in da tara, dimokuraɗiyya ta shigo makarantar nan tun kafin ta isa wasu manyan ofisoshi. Hedimasta Malam Abdulbaƙi, wanda jiya-jiya ko tari ba a yi a gabansa sai da izini, ya wayi gari ba abin da ke bakinsa sai ra'ayin jama'a. Aka kafa kwamitin malamai. Aka sayo babban littafi na rubuta duk abin da aka tattauna. Komai sai an ɗaga hannu, har wanda zai riƙe makullin kabad ɗin alli. Dokar farko da aka zartar ita ce, daga yau zuwa bita karɓa-karɓa ne, a fara daga wanda ya fi daɗewa a aiki. Malam Gwadabe ne ya kawo shawarar, shi ne kuma ya fi kowa daɗewa, amma wannan dacewa ce kawai.

Shi ne malamin aji shida, kuma da abu biyu yake taƙama a duniya, lissafi da rajista. Ya sha faɗa cewa a tono rajistarsa tun daga ranar da ya kama aiki, in aka sami kuskure ɗaya ya yarda a kore shi. Ba wanda ya taɓa samun sukunin tonowa, don haka maganarsa ta tabbata.

A ajin nasa akwai wata yarinya Husaina Ilu, 'yar wani mai ɗinkin hula da ke bayan makarantar. Shekararta sha uku, doguwa, ba ta da surutu, amma in an ɗora lissafi a allo kafin Malam ya gama kakkaɓe hannu ta fitar da amsa. A shekarar aka ce kowace firamare ta ba da sunan yara mata uku da za su zauna jarrabawar shiga wata sakandaren kwana ta kimiyya, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin komai. Ga 'yar mai ɗinkin hula, in wannan ƙofa ta rufe babu wata. Sunanta Malam ya fara rubutawa.

Sai kuma yarinya ta lalace, a ganin Malam. Wata uku a jere tana fashi, wani lokaci kwana uku, wani lokaci huɗu, ta dawo ba bayani. In ya tambaya ta ce ba ta da lafiya. In ya ce me ke damunta sai ta sunkuyar da kai. Ran wata Litinin, ana dab da tashi, ya kira ta ta fito allo. Ba ta motsa ba.

"Husaina, da ke nake."

Ta ƙara manne wa benci kamar an kafe ta da ƙusa. Sau uku yana kira. Yara suka fara waige-waige, ran Malam ya ɓaci, don a shekara ashirin da uku ba a taɓa yi masa haka ba. Ya ɗauko tsumagiya ya je har inda take. Ta miƙo hannu ba musu, ya zuba mata shida, hawaye na zuba, amma ba ta ɗaga daga bencin nan ba. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka watse, tana nan zaune.

Malam ya wuce ofis ya sa jan biro ya soke sunanta, ya rubuta dalili da kyakkyawan rubutun nan nasa: fashi kwana goma sha ɗaya, da taurin kai. Hedimasta ya karɓi takardar cikin alhini, ya cike gurbin da sunan Firdausi 'yar ƙanwarsa, wadda ita ma dacewa ce ta kawo ta. Ran Alhamis ta sama za a kai sunayen ofishin ilimi.

A cikin makon ne takardar bita ta iso, ta farko tun bayan sabuwar doka. Hedimasta ya karanta wa kwamiti cewa ta kwana biyu ce, Talata da Laraba, a kan walwalar ɗalibai mata masu tasowa.

Malama Turai, malamar aji huɗu, ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ni a ganina wannan ta mata ce. Da an bar ɗayarmu ta je."

Malam Gwadabe ya juyo gaba ɗaya da kujerarsa. "Malama, ranar da aka kafa dokar nan kin ɗaga hannu ko ba ki ɗaga ba?"

"Na ɗaga, Baba Malam, amma dai..."

"To babu wani amma. Yanzu ba mulkin soja ake yi ba da za a ƙwace wa mutum haƙƙinsa da rana tsaka. Walwala kuma, ni da nake da 'ya'ya mata biyar a gida, ni za a gaya wa walwalar mata?"

Aka kaɗa ƙuri'a. Maza tara ne a makarantar, mata huɗu, kuma kowane namiji ya san in aka tsallake Malam yau, gobe shi za a tsallake. Gaskiya ta yi halinta da ƙuri'a tara.

Ran Talata ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau keke ya nufi ɗakin taron da aka ara can wajen Ƙofar Dawanau. Yana shiga ya ga mata sun fi arba'in, ya ja ya tsaya a bakin ƙofa. Can a kusurwa sai ya hango wasu dattawa shida, kowa da furfurarsa da babbar rigarsa. Ashe ba makarantarsu kaɗai dimokuraɗiyya ta shiga ba. Suka gaisa da girmamawa irin ta mutanen da suka daɗe suna jiran rana ɗaya.

An ce ƙarfe tara za a fara. Sabon kansila ya iso sha ɗaya da rabi. Ya yi jawabi a kan romon dimokuraɗiyya, ya ce yara manyan gobe ne, ya ce shi ma malami ne ya koyar da shi, abin da ya ba wasu mamaki. Ya yi alkawarin ba makarantar da za ta kai baɗi ba ta da makewayi. Aka tafa, aka ɗauki hoto, aka raba jaka da biro da shinkafa da cinyar kaza. Malam Gwadabe ya shafa jakar nan ya ji lalle mulkin farar hula ya kankama.

Bayan azahar wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sista Binta ta karɓi lasifika. Gajeriya ce, kakkaura, irin matan da aikin asibiti ya wanke musu kunya tas. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce yau za a yi magana a kan jinin al'ada, da yadda yake fara zuwa wa yara tun suna aji biyar da shida. Ta manna wani zane a bango.

Ɗaya daga cikin dattawan ya tuna bai yi alwala da kyau ba, ya fita. Na biyu ya bi shi ya duba ko lafiya. Kafin la'asar saura Malam Gwadabe kaɗai a kusurwar maza. Ba jarumta ce ta zaunar da shi ba. An ce sai wanda ya sa hannu a ƙarshen kowace rana za a ba takardar shaida, shi kuwa bai yi jiran shekara ashirin da uku don ya koma gida da jaka kawai ba. Ya kafa ido a kan takalminsa, ya bar kunnuwansa su ji da kansu.

Ba wai bai san zancen ba. Ya karanta shi a littattafan fiƙihu babi-babi, ya san hukuncin salla da na azumi, da a ce jarrabawa za a yi da ya cinye. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne babin yana iya zuwa ya zauna a benci na uku a cikin ajinsa. A gidansa ma, 'ya'ya mata biyar ɗin da yake taƙama da su, uwarsu ce ta san yadda ta yi da su. Shi dai yakan ga wata ba ta tashi sallar asuba ba, ya kawar da kai.

Ran Laraba da safe Sista Binta ta tambaya makarantu nawa ne a nan ke da makewayin mata mai ƙofa. Hannu biyu suka tashi. Na makarantar su Malam ya rufta tun daminar shekara uku da suka wuce. Maza sukan zaga bayan katanga, matan kuwa bai taɓa tambayar inda suke zuwa ba.

"To ku duba rajistarku," in ji Sista. "Duk yarinyar da kuka ga tana ɓacewa kwana uku ko huɗu kowane wata, ba lalacewa ta yi ba, wurin gyara jikinta ne babu. Kuma don Allah, in kun ce yarinya ta tashi ta ƙi tashi daga benci, kada ku matsa mata. Ku fitar da 'yan aji, ku kira malama. Wallahi yarinyar nan ta gwammace ku yanka ta a zaune da ta miƙe a gaban maza."

Malam ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Ya tuna hannun nan da Husaina ta miƙo masa ba musu. Shida ya yi mata, yana ƙirgawa da ƙarfi don 'yan aji su ɗauki darasi. Kunya ta kama shi, ba irin ta jiya ba wadda ake kallon takalmi ta wuce. Da aka kawo shinkafa bai iya ci ba, wata malama da ke kusa ta taimaka masa da kazar.

Ran Alhamis tun kafin a kaɗa ƙararrawa ya tare Malama Turai a gindin darbejiyar da ke bakin ofis. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Malama, yarinyar nan Husaina. Ranar nan da na... ranar Litinin ɗin nan."

"Na sani, Baba Malam. Ni na kai mata mayafina bayan an tashi, na raka ta gida."

"Kin sani? Kika bar ni na soke sunanta?"

"Da wane bakin zan gaya maka? Kai fa sa'an mahaifina ne." Ta gyara lulluɓinta. "Kuma uwarta ta roƙe ni kada kowa ya ji. Ka san unguwar nan. Yau in magana ta fita, kakarta za ta ce yarinya ta girma, boko ya isa haka. Ko ajin ma ba za ta ƙarasa ba."

Ya shiga wajen hedimasta ya ce yana so a mayar da sunan Husaina kafin a kai takarda. Malam Abdulbaƙi ya jingina da kujera ya yi murmushin mutumin da doka ke bayansa.

"Malam, da a da ne, da ni da kai mun gama a nan. Amma yanzu kai ka san yadda ake yi. Ka kawo a gaban kwamiti, ka faɗi dalili, a rubuta a littafi, a ɗaga hannu. Ƙarfe goma za mu zauna mu ji rahoton bitarka. Sha biyu masinja zai tafi."

Malam ya fito yana jin zufa a ƙarƙashin hula. Malaman nan goma sha uku, goma a cikin unguwar suke kwana. Abin da aka faɗa a kwamiti da hantsi, kafin la'asar ya riga mai shi isa gida. In ya faɗi gaskiya ya rufe wa yarinya makaranta da bakinsa. In ya yi shiru Firdausi ta tafi jarrabawa, ita da har yau bakwai sau takwas sai ta haɗa da yatsun ƙafa.

Aka zauna. Aka buɗe da addu'a. Malam ya miƙe ya ba da rahoto. Ya gode wa Allah, ya gode wa hukuma, ya kawo jawabin kansila kusan kalma da kalma, ya yaba tsarin abinci. Da ya zo kan abin da aka koyar sai ya ce an yi bayanai masu matuƙar muhimmanci, kuma ga takardun nan ya damƙa wa Malama Turai. Ya ƙara da cewa an ja hankali a kan gina makewayin mata. Nan take aka kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar da zai duba yiwuwar rubuta wasiƙa.

"Sai batun Husaina Ilu," in ji hedimasta. "Malam yana so a mayar da sunanta. Malam, ga abin da ka rubuta da hannunka: fashi kwana goma sha ɗaya. Me ya canza?"

Malam ya dubi littafin taro, ya dubi biron da Malam Naziru, sakataren kwamiti, ya ɗaga yana jira. Naziru yaro ne ɗan kwalisa da ya gama kwalejin ilimi bara waccan, kuma tun zuwansa yake hararar aji shida.

"Ba ta yi fashi ba," in ji Malam. "Ni na yi kuskure a rajista."

Kowa ya juyo ya dube shi. Har hedimasta sai da ya cire tabarau.

"Kai, Malam? A rajista?"

"Idona ne. Ya fara ba ni matsala. Layukan sukan haɗe min, in sa alama inda ba nan ba."

Naziru ya jawo rajistar ya buɗe, yana bin ta da yatsa. "Amma Baba Malam, abin da mamaki. Idon naka a kan suna ɗaya kawai yake rikicewa? Kuma ga shi nan, kwana huɗu a wancan wata, uku a na gaba, huɗu a wannan. Kamar dai..."

"Haka yake yi min," Malam ya katse shi da ƙarfi. "Wata-wata yake taso min. Ciwona ne ko naka?"

Maza suka bushe da dariya, wani har da dukan tebur. Matan huɗu ba wadda ta yi dariya. Malama Turai ta ɗaga hannu ta ce ita kam ta sha ganin yarinyar a makaranta a ranakun da ake magana. Malama Hajo ta aji biyu ta ce ita ma haka. Sauran biyun suka ce ai har aikenta sun yi.

"To taurin kan fa?" in ji hedimasta, muryarsa ta fara sanyi.

"Taurin kan nawa ne, ba nata ba," in ji Malam. "A rubuta."

Aka rubuta. Aka ɗaga hannu. Mata huɗu, da Malam, da wasu maza huɗu da suka ga abin dariya ne dattijo ya tona wa kansa asiri, suka ba da tara. Hedimasta ya soke sunan 'yar ƙanwarsa da hannunsa, fuskarsa kamar mai shan maɗaci.

Kafin a rufe taro Naziru ya nemi izini ya kawo wani ɗan ƙaramin batu. Ya ce don walwalar ɗalibai, wadda aka je aka koyo, bai kamata a bar ajin jarrabawa a hannun wanda ba ya ganin layin rajista ba. Ya faɗe shi cikin ladabi ƙwarai, har da addu'ar samun sauƙi. Hedimasta ya goyi baya da sauri. Aka sake ɗaga hannu. Daga Litinin Malam Gwadabe zai koma aji ɗaya, inda haruffa suke da girma.

Bai kai gida ba labari ya riga shi. A masallacin unguwa bayan la'asar mutum uku suka yi masa jaje. Wani ya ba shi sunan mai magani a Koki, wani ya ce ya daina karatu da fitilar ƙwai. Wani tsohon ɗalibinsa ya kama masa keke zai tsallakar da shi titi. Malam ya ce amin ga kowa, yana ganinsu tar har da ƙurajen fuskarsu.

Washegari Juma'a ita ce ranarsa ta ƙarshe a aji shida. Da aka fita hutun ƙarfe tara ya zauna yana kwashe tarkacensa daga aljihun tebur. Sai ya ji motsi. Husaina ce tsaye a gefen tebur, ta haɗa hannuwa a baya.

"Malam, an ce an mayar da sunana."

"An mayar. Ran sha bakwai ga wata ne. Ki zo da fensir biyu."

Ba ta tafi ba.

"An ce kuma an cire ka daga ajinmu saboda rajista." Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Malam, ai ranakun nan ban zo ba."

Malam ya ci gaba da jera guntayen alli a cikin gwangwani. Akwai maganar da ya kwana yana shiryawa, mai ɗauke da ban haƙuri, amma da ya ɗago ya gan ta sai ya fasa. Ya ɗaure fuska kamar yadda ya saba.

"Kwamiti ya zauna. Mutum tara, manya, sun ɗaga hannu sun ce kin zo. An rubuta a littafi. Ke wace ce da za ki ja da rinjaye?"

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko a wata uku. Idonta ya cika da ruwa.

"To, Malam."

"Jeki. Kuma ki dage da lissafin kashi-kashi, nan ne kike gaggawa."

Ta fita. Ya bi ta da kallo har ta kai gindin darbejiya ta shiga cikin 'yan uwanta, sannan ya ɗauki rajistar aji shida ya kai wa Naziru.